Sabon sinadarin cire maiƙon fata: ta yaya zan gane illarsa ga kifi da ruwan Challawa?

Baban Khalifa, Sharaɗa:

Assalamu alaikum masana. Ni ke kula da sashen sinadarai a wani kamfanin jima da ke Sharaɗa a Kano, fatar tumaki da ta awaki muke sarrafawa. Wani dillali ya kawo mana sabon sinadarin cire maiƙo. Kuɗinsa bai kai na wanda muke amfani da shi ba, kuma da aka gwada shi a durom ya fitar da kitsen fatar tunkiya yadda ake so. Kafin in sa hannu a saya ina so in san abin da zai yi wa ruwa bayan ya bar harabarmu.

Ga abin da ke hannuna. Takardar SDS ɗinsa, wato takardar bayanin haɗarin sinadari, shafi huɗu ce. A sashe na 2 babu hoton mataccen kifi da busasshiyar bishiya, alamar gargaɗin guba ga halittun ruwa. A sashe na 3 an ambaci abu guda mai aiki, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, lambarsa ta CAS, wato lambar rajistar da ake gane sinadari da ita, 9016-45-9. A sashe na 12, wanda ya shafi muhalli, layi ɗaya ne kawai: wai yana ruɓewa fiye da kashi 90 cikin ɗari. Duk sauran guraben an rubuta babu bayani.

Muna sarrafa kusan tan 2 na fata a rana, kuma za mu zuba sinadarin kashi 2 cikin ɗari na nauyin fata, wato kilo 40. Dagwalon da muke fitarwa ya kai lita 80,000 a rana. Tankuna biyu ne na kwantar da laka, babu injin hura iska, daga nan sai lambatu.

Shin rashin hoton kifin nan ya isa in natsu? In bai isa ba, wane mataki zan bi, kuma me zan nema a wajen dillalin? Allah ya saka da alheri.

Maman Ilham:

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Bai isa ba, kuma lambar CAS ɗin da ka kawo ta riga ta amsa rabin tambayarka. 9016-45-9 lambar NPE ce, wato nonilfenol da aka ɗaura wa sarƙar etoksilet. Dangi ne masu lambobi da yawa, saboda haka ka riƙe waɗannan ma, domin wata takardar da su take zuwa: 127087-87-0, 68412-54-4, 26027-38-3 da 37205-87-1. Nonilfenol ɗin kansa, NP, lambobinsa 25154-52-3 da 84852-15-3. Sunan kasuwa yana sauyawa kullum, lambar CAS ba ta sauyawa. Da ita ake fara bincike.

Layin nan na kashi 90 shi ne wurin da aka fi yaudarar masu saye. Ruɓewa iri biyu ce. Akwai ta farko, inda ƙwayoyin halitta ke gutsure sarƙar har sinadarin ya daina kumfa, ya daina aikin wanki. Akwai ta ƙarshe, inda ya koma ruwa da iskar kabon baki ɗaya. NPE yana yin ta farko da sauri, shi ya sa ake iya rubuta kashi 90 ba tare da an yi ƙarya ƙarara ba. To amma abin da ya rage bayan an gutsure sarƙar ya fi na asali guba. NPE mai sarƙa 9 yana kashe rabin kifin gwaji a 'yan miligiram a lita (mg/L). Da sarƙar ta koma 2 ko 1, gubar ta ƙaru. In ta ƙare ta bar NP zalla, abin da ke kashe rabin kifi cikin awa 96 ya sauko wajen 0.1 zuwa 0.3 mg/L, na Daphnia kuma, ƙananan halittun ruwan nan da 'ya'yan kifi ke ci, ƙasa da 0.1 mg/L.

Kuma NP ya fi taruwa inda babu iskar oksijin. Tankunanka biyu marasa injin iska, da lakar da ke kwance a ƙasan lambatu, su ne ainihin wurin da yake samuwa ya zauna. Ba ya son ruwa, kitse da laka yake bi: ma'auninsa na log Kow, mai nuna yadda sinadari ya fi son kitse kan ruwa, kusan 4.5 ne, alhali a GHS, tsarin duniya na rarraba haɗarin sinadarai, daga 4 ake fara zargin sinadari da taruwa a jikin kifi. Sannan yana kwaikwayon sinadarin mace a jiki. A shekarun 1990 an ga haka a Kogin Aire na Ingila, ƙasa da masana'antun wanke gashin tumaki: kifaye maza suna yin furotin ɗin da mace ke yi don ƙwai. Masana'antun nan ma maiƙon tunkiya suke cirewa, kamar ku. Irin wannan illa ba ta nuna kanta da matattun kifi a saman ruwa, haihuwa take taɓawa.

Dalilin da Tarayyar Turai ta hana amfani da NP da NPE daga kashi 0.1 cikin ɗari zuwa sama a sarrafa fata da tufafi ke nan, tun 2005, sai in ruwan ba zai shiga dagwalo ba ko an cire sinadarin gaba ɗaya kafin tacewa. In kuna sayar da fata ga Italiya ko Sifaniya, masu saye suna gwada APEO, wato dangin sinadaran da NPE ke ciki, a jikin fatar kanta da hanyar ISO 18218, kuma yana cikin jerin abubuwan da ZDHC, ƙungiyar manyan kamfanonin tufafi da takalma, ta haramta. Araha ba ta ado.

Yanzu batun hoton kifi. Ana auna guba ta gajeren lokaci da halittu uku: kifi na awa 96 bisa ƙa'idar gwaji ta OECD 203, Daphnia na awa 48 bisa OECD 202, gansakuka na awa 72 bisa OECD 201. Kowane gwaji yana ba da adadin sinadarin da ya kashe ko ya illata rabin halittun, na kifi shi ake kira LC50, kuma mafi ƙanƙantar lamba cikin ukun ita ake ɗauka. In ta kai 1 mg/L ko ƙasa, rukuni na 1 ne, lambar gargaɗinsa a takarda H400. Sama da 1 zuwa 10 rukuni na 2, sama da 10 zuwa 100 rukuni na 3. Ta dogon lokaci kuwa ana duba NOEC, wato mafi girman adadin da ba a ga illa a kansa ba. Ga sinadarin da ba ya ruɓewa da sauri, 0.1 mg/L ko ƙasa H410 ne, har zuwa 1 mg/L kuma H411. Hoton yana fitowa ne a H400 da H410 da H411 kaɗai. H412 ba shi da hoto, amma ma'anarsa mai cutarwa ne ga halittun ruwa, illar kuma mai daɗewa.

Ka dubi wannan kashi 20 zuwa 30 da kyau. Masu ƙera NPE da yawa suna ba shi H411. A ƙa'idar haɗe-haɗe, in abin da ke H411 ya kai kashi 25, duk jarkar ta zama H411, dole a sa hoto. In bai kai ba, ta faɗa H412, babu hoto. Tazarar da aka ba ka ta ratsa kan iyakar daidai. Ban da haka, a cikin NPE akan sami ragowar NP da bai haɗu ba. Shi H410 ne, kuma ana ninka shi da lambar M, ninkin da ake yi wa sinadarai masu tsananin guba, wadda a nan take 10, sannan a sake ninkawa da 10 a lissafin H411. Kashi 0.25 kacal na NP ya isa ya kai jarkar H411 shi kaɗai.

Abin da za ka nema a rubuce: ainihin kason NPE ba tazara ba, tsawon sarƙar, ragowar NP, sakamakon gwaje-gwajen uku tare da sunan halittar da aka gwada da tsawon lokaci, da sakamakon gwajin ruɓewa na OECD 301. A wannan na ƙarshe ana buƙatar kashi 60 in da oksijin ko iskar kabon aka auna, ko kashi 70 in da narkakken kabon ne, cikin kwana 28, kuma a kai wannan matakin cikin kwana 10 daga lokacin da ruɓewar ta kai kashi 10. Ka kuma leƙa sashe na 14. In ka ga UN 3082 a can, lambar sufuri ta sinadari mai haɗari ga muhalli, alhali sashe na 2 ya yi shiru, takardar tana ƙaryata kanta. Cikakkiyar SDS sashe 16 ce. Ka nemi ganin izinin NAFDAC na shigo da sinadarin ma.

Injiniyan Ruwa, Panshekara:

Malama ta gama da ƙarfin gubar. Saura nawa ne zai isa ruwa, don takarda ba za ta faɗa maka wannan ba, sai lissafinka.

Lambobi biyu ake gwadawa. PEC shi ne adadin da ake sa ran samu a ruwan da dagwalo ya shiga. PNEC shi ne adadin da ake ganin ba zai yi illa ba. In ka raba PEC da PNEC ka samu sama da 1, akwai matsala. Ana samun PNEC ne ta ɗaukar mafi ƙanƙantar lambar gwaji a raba ta da lambar kariya. In gwajin gajeren lokaci kawai ke hannu na halittu ukun nan, da 1,000 ake rabawa. In akwai NOEC guda na kifi ko Daphnia, 100. Guda biyu, 50. Guda uku, 10. Ka ga ƙarancin bayani ba ya sauƙaƙa wa mai sinadari, tsanantawa yake yi. Gurbin da aka rubuta babu bayani, a wajen mai lissafi, dalili ne na ƙara tsauri.

Na NP an riga an yi aikin. Turai ta ɗauki 3.3 maikrogiram a lita daga gwajin gansakuka, ta raba da 10, ta samu 0.33. Iyakar da ta sa wa koguna a 2008, a matsakaicin shekara 0.3 ce, kuma kada ya taɓa wuce 2.0. Hukumar muhalli ta Amurka a 2005 ta sa 6.6 na dogon lokaci da 28 na gajere a ruwan daɗi. Maikrogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram, kada a ruɗe.

Mu sa lambobinka. Kilo 40 a rana, mu ɗauki kashi 30 tunda ba a ba ka ainihin kaso ba: kilo 12 na NPE. Kaɗan ne daga sinadarin wanki ke zama a fata, kusan duka ruwa yake bi. Giram 12,000 cikin kubik mita 80 ya ba da 150 mg/L a bakin bututunka kafin tacewa. Wannan kaɗai ya ninka abin da ke kashe kifi sau da dama, tun ba a zo maganar NP ba.

Sai mu yi lissafin ta baya, shi ya fi nuna gaskiya. Mu ƙaddara cewa kashi 2 kacal na nauyin nan ne zai fita cikin ruwa a matsayin NP. Zato ne na misali, kuma mai sassauci. Giram 240 ke nan a rana, wato miligiram 240,000. Kafin a sirka shi ya sauko 0.3 maikrogiram a lita ana buƙatar kubik mita 800,000 na tsaftataccen ruwa a rana, fiye da kubik mita 9 a kowace daƙiƙa. Ko da iyakar Amurka ka bi, kana buƙatar kusan kubik mita 36,000 a rana. Kamfani ɗaya ke nan.

To ina wannan ruwan yake? Dagwalon Sharaɗa rafin Salanta yake bi ya faɗa kogin Challawa. Na Bompai kuma Getsi yake bi zuwa Jakara har dam ɗin Wasai. Daga ƙarshen damina zuwa Mayu, yawancin abin da ke gudana a irin waɗannan rafuka dagwalo ne da ruwan gidaje, kuma da shi masu lambu ke ban ruwa. Manhajojin lissafi na Turai suna zuwa da zaton kogi zai sirka dagwalo sau 10. Wanda ya bar wannan lamba yadda take ya yi wa Salanta lissafi a watan Afrilu, ya yaudari kansa. Ka sa 1 a rafin, wato babu sirki, sannan ka yi na Challawa daban. Shi Challawa ƙarfinsa a rani ya danganta da abin da aka sako daga dam ɗin Karaye, kuma a kansa da ƙasa da shi ake ɗibar ruwan sha na birni, a nan Panshekara da Tamburawa.

In kana son auna gudun rafi da kanka, samu wuri miƙaƙƙe mai tsawon mita 10. Auna faɗi, auna zurfi a wurare biyar a ƙetare ka fitar da matsakaici. Jefa abu mai yawo a saman ruwa ka ƙirga daƙiƙun da zai ci mita goman, ka maimaita sau uku. Faɗi sau zurfi sau gudu sau 0.8, domin ruwan sama ya fi na ƙasa sauri. A rani za ka yi, ba a Agusta ba.

Lakar tankunanka kuma kada a bari kowa ya kwasa ya kai gona da sunan taki. Mafi yawan NP a cikinta zai maƙale, ga kuma kuromiyam ɗin da ake jima da shi.

Baban Khalifa, Sharaɗa:

Na gode Malama, na gode Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Na rubuta wa dillalin abubuwan da aka lissafa. Amma masu kamfani sun fi yarda da abin da suka gani da ido. Akwai masu ƙyanƙyasar tarwaɗa kusa da mu. Zan iya sayo 'ya'yan tarwaɗa in zuba su a bokitai in gwada sinadarin, in nuna musu?

Abu Safwan, mai gwajin kifi:

Za ka iya, Malam, amma ba da tarwaɗa ba kuma ba a bokitin roba ba. In ka yi haka sakamakon zai goyi bayan dillali.

Tarwaɗa tana shaƙar iska daga sama, tana rayuwa a ruwan da sauran kifaye suka mutu. Sinadaran wanki kuwa ta wurin numfashin kifi suke fara ɓarna, saboda haka kifin da ke da wata hanyar numfashi zai jure abin da ya fi ƙarfin maƙwabtansa. 'Ya'yan karfasa sun fi dacewa. Roba kuma tana tsotse NP da danginsa, sai adadin da ke ruwa ya ragu ba ka sani ba. Tankin gilashi ake amfani da shi.

Ka samo kifi daga ƙyanƙyasa ɗaya, girma ɗaya, kamar giram 1 zuwa 1.5 kowanne. Ka ajiye su kwana 12 a irin ruwan da za ka yi gwajin da shi. Bayan kwana biyun farko ka fara ƙirga mace-mace na kwana 7: in sun wuce kashi 10 ka watsar da rukunin duka, in tsakanin 5 da 10 ne ka ƙara mako guda, in ƙasa da 5 ne ka ci gaba. Ka daina ba su abinci awa 24 kafin farawa, kuma babu abinci har awa 96 ta cika, don kashinsu yana ƙara amoniya ya ɓata sakamako.

Ruwan famfo yana da kulorin, ruwan burtsatse kuma yakan fito da ƙarancin oksijin. Kowanne ne, a hura masa iska kwana biyu. Ma'aunin asid na ruwan, wato pH, ya tsaya tsakanin 6 da 8.5.

Ka fara da gwajin lalube: 1, 10 da 100 mg/L, kifi kaɗan a kowanne. Daga nan ka zaɓi matakai biyar da kowanne bai wuce ninki 2.2 na wanda ke ƙasa da shi ba, misali 4, 8, 16, 32, 64, sannan tanki na shida da ba a zuba masa komai ba. Kifi 7 ne mafi ƙaranci a tanki, 10 ya fi. Kada nauyinsu ya wuce giram 0.8 a kowace lita: tankin lita 20 giram 16 zai ɗauka. Wajen haɗawa, narka giram 1 na sinadarin a lita 1, ka samu 1,000 mg/L. Tankin lita 20 mai 16 mg/L yana buƙatar mililita 320 daga ciki, ka cike da ruwa har lita 20. A sauya ruwan kowace awa 24 da sabon haɗi, tunda NPE yana ruɓewa yana kuma manne wa gilashi. Ana so adadin ya tsaya aƙalla kashi 80 na abin da aka zuba.

Abubuwa uku ke rusa wannan gwaji a Kano. Ɗaukewar wuta: injin iska ya tsaya da dare, da safe a tarar da kifi a mace a ɗora wa sinadari. Oksijin bai kamata ya sauka ƙasa da kashi 60 na abin da ruwa zai iya riƙewa ba, kuma ruwa mai zafin digiri 30 kusan 7.6 mg/L kawai yake riƙewa, wato iyakarka wajen 4.5. A haɗa injin da batir ko sola. Sai iska mai yawa: tana tayar da kumfa, kumfar ta kwashe sinadarin daga ruwa. A hura a hankali. Sai zafi da sanyi: a hunturu ɗaki na iya sanyi da asuba ya yi zafi da azahar, alhali ba a so ruwan ya motsa fiye da digiri 2.

Ka duba a awa 24, 48, 72 da 96, ka cire wanda ya mutu nan take, ka rubuta masu juyewa, masu hakin numfashi a sama, da masu kwanciya a ƙasa. In a tankin da babu sinadari fiye da kashi 10 suka mutu, ko fiye da kifi ɗaya in ba su kai 10 ba, gwajin ya lalace, sai a sake. Ana fitar da LC50 da wani lissafin ƙididdiga da ake kira furobit. In babu wannan, ɗauki mataki mafi girma da babu wanda ya mutu da mafi ƙanƙanta da duka suka mutu, ka ninka su ka fitar da tushen murabba'i: 8 da 32 sun ba da 256, tushensa 16 mg/L.

Ka sani kuma, karfasa ba ta cikin jerin kifayen OECD 203, don haka wannan na gamsar da masu kamfani ne, ba takardar da za a miƙa wa hukuma ko mai saye ba. Mafi muhimmanci, sabon sinadari daga jarka kake gwadawa na kwana huɗu. Ba zai nuna maka NP da ke samuwa a laka bayan makonni ba, balle illar haihuwa. Irin wannan sai gwajin kwana 21 na Daphnia, OECD 211, ko na ƙwai da 'ya'yan kifi, OECD 210. In kifi sun mutu, ka samu hujja. In ba su mutu ba, bai wanke sinadarin ba.

Malam Na Bompai:

Na yarda da kusan duk abin da aka faɗa, amma kada a bar Baban Khalifa ya ɗauka cewa da ya ƙi wannan jarka shi ke nan ruwansa ya gyaru. A dagwalon majema, abin da ke kashe kifi yau-yau ba sinadarin maiƙo ba ne. Amoniya ce, da salfaid, da gishiri, da ruɓaɓɓen nama da gashi masu cinye oksijin.

Amoniyar da ke fitowa daga cire laim, gubarta tana bin pH. A digiri 25, ɓangaren da ke kashe kifi bai kai kashi 1 cikin ɗari ba a pH 7, ya haura 5 a pH 8, ya kai wajen 36 a pH 9. Ruwan cire gashi kuwa pH ɗinsa ya wuce 12. Salfaid akasin haka ne: da pH ya sauka yake komawa iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shi ya sa ba a haɗa ruwan cire gashi da ruwan asid ko na kuromiyam a magudana ɗaya. Iskar tana kashe ma'aikacin da ya shiga tanki kafin a kai ga maganar kifi, kuma in ta yi yawa hanci yana daina jin warinta. Kowanne da layinsa: salfaid a hura masa iska tare da manganis salfet, kuromiyam a kwantar da shi a pH 8 zuwa 9 da magnesiyam oksaid a sake amfani da shi.

Tunda tankunan gilashi za su samu, a gwada dagwalon kansa: kashi 100, 50, 25, 12.5 da 6.25, a sirka da ruwan gwaji. Raba 100 da LC50 ɗin da ya fito. In rabin kifi sun mutu a kashi 12.5, ka samu 8, wato ko an sirka dagwalonka sau 8 har yanzu yana kashe rabi. Wannan lamba masu kamfani suna gane ta nan da nan. Dokokin NESREA, hukumar tilasta bin dokokin muhalli ta ƙasa, na 2009 kan masana'antun tufafi da fata ma a kan abin da ya fita daga bututu suke kama mutum.

Maman Ilham:

Gaskiya ne Malam, sai dai injin iska da raba layuka suna maganin yawancin waɗancan cikin kwanaki, NP kuwa in ya kwanta a lakar kogi ya daɗe ke nan. Duka biyun ake yi.

Baban Khalifa, in za ka nemi madadi, akasari etoksilet na alkohol mai kitse ake komawa, masu sarƙar kabon 12 zuwa 15. Kada a ce maka ba su da guba. Wasunsu suna kashe kifi a 1 zuwa 10 mg/L, masu gajeriyar sarƙar etoksilet ma suna ɗauke da H400. Fifikonsu shi ne suna cin gwajin OECD 301, kuma ba sa barin abin da ya fi su muni. Amma ruɓewar tana buƙatar oksijin, don haka ko da su sai ka sa injin iska. Ka duba lambar CAS ta wanda kuke amfani da shi yanzu ma, da na jiƙa fata da na man laushi, NPE yana ɓuya a cikinsu.

In za ka aika samfur a auna NP, kwalbar gilashi mai duhu za ka yi amfani da ita, wadda ba a wanke da omo ba. Ka cika ta, ka sa a ƙanƙara wajen digiri 4, ta isa ɗakin gwaji da wuri. Ka ɗebi ruwa a bakin fita a lokuta daban-daban na yini ka haɗa, ciki har da lokacin da ake juye durom ɗin cire maiƙo, sannan ka ɗebi laka daban daga ƙasan tanki na biyu. Kafin ka biya, tambaye su ko da na'urar GC-MS ko ta LC-MS za su auna, da mafi ƙanƙantar adadin da na'urarsu ke iya gani. In ba ta gani ƙasa da miligiram ɗaya a lita, za ta rubuto maka ba a samu ba alhali ruwan ya ninka iyakar 0.3 sau dubbai.